Wa Ke Zaɓa wa Ɗan Tozai Makaranta?

 Sharhinmu na yau na iyaye ne da ɗaliban sakandare da malamansu, musamman na gabashin Sakkwato: mutanen Tozai da Turba da Bafarawa a ƙasar Isa, mutanen Gatawa da Kurawa da Unguwar Lalle a ƙasar Sabon Birni, da sauran garuruwan Gobir da muryarmu ke kaiwa. Magana ce a kan wani littafi da ya kamata duk yaron da ke da niyyar wuce sakandare ya karanta, amma da yawa daga cikin yaranmu sukan gama rajistar JAMB ba su taɓa ɗora ido a kansa ba.

Ku dubi yadda abin ke gudana. A farkon shekara, sanyi bai gama wucewa ba, hukumar JAMB ta buɗe rajista. Uba ya fitar da buhun gero ko ya kai akuya kasuwa, a haɗa kuɗin fom da na mota da ɗan guzuri. Yaro ya tura lambarsa ta NIN ta saƙon waya, a turo masa lambar rajista, sannan ya kama hanya, domin ba a yin rajista sai a cibiyar da hukumar ta amince da ita, mafi yawan cibiyoyin kuwa suna cikin birnin Sakkwato. Kowa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki a 'yan shekarun nan. Wanda ya fito daga Isa ko Sabon Birni da addu'a yake fita, uwa kuma hankalinta ba ya kwanciya sai ya kira ya ce ya sauka lafiya. Ya isa, ya bi layi tun da safe, sai can rana ta take ya samu zama gaban ma'aikacin da ke kan kwamfuta. Tambaya uku za a yi masa: wace makaranta, wane kwas, waɗanne darussa za ka rubuta? Bayansa layi ya miƙe har waje. Sai yaro ya ce likitanci, don shi ya ji ana yabo a garinsu, ko kuma ya ce, "Yallaɓai, sa mini duk wanda ka ga ya dace." Ma'aikacin nan ba shi da mugun nufi, amma bai san yaron ba, bai ga sakamakonsa ba, bai san nauyin aljihun ubansa ba. Aikinsa ya cika fom ya kira na gaba.

Dattijon da zai sayi san huɗa yakan zagaya kara ya sake zagayawa, ya duba haƙori, ya duba kofato, ya jawo wanda ya san dabba ya taya shi gani, wani lokaci ma ya koma gida hannu biyu sai kasuwa ta gaba. Makarantar da ɗansa zai shafe shekara huɗu ko biyar a cikinta kuwa, a 'yan mintoci ake zaɓenta, a bakin wanda bai ma san inda Tozai take ba.

Alhali littafin jagora yana nan. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, tana da kundin da ɗalibai ke kira burosha. Da fari jami'o'i kaɗai hukumar ke kula da shigarsu, a 1989 aka haɗa mata da kwalejojin fasaha da na ilimi, a 2010 kuma aka dunƙule jarrabawowin suka zama ɗaya, wato UTME. Saboda haka kundin nan ya tattara kusan dukkan manyan makarantun ƙasar nan, da kwasa-kwasan da kowace ke koyarwa, da sharuɗɗan shiga kowane. Waɗanda suka yi JAMB a da za su tuna da shi: ƙaton littafi ne mai siraran takardu da ake bayarwa tare da fom. Idan ɗaya ya shigo gari, sai ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu, daga yaya zuwa ƙane, har bangonsa ya cire. Daga baya aka mayar da shi faifan CD, yanzu kuma yana kan intanet, a wani shafi na hukumar da ake kira IBASS. Tun 2015 ita kanta jarrabawar gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta.

A wajen hukuma wannan dabara ce mai kyau: babu kuɗin buga takarda, kuma ana iya gyara kuskure nan take. Amma a tambayi yaron ƙauye abin da yake bukata kafin ya buɗe shafin. Yana bukatar babbar waya, da data, da caji, da sabis mai ƙarfi. Mu kuwa ba mu manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, har da Isa da Sabon Birni. Kuma ko an samu an buɗe, da Turanci yake, cikin jadawali mai ƙananan haruffa da gajarce-gajarcen kalmomi, wanda ko malamin makaranta sai ya natsu kafin ya warware shi. Ta haka littafi ya zama kyauta ga kowa, amma ya fi nisa da mu fiye da lokacin da sai an sayi fom ake samunsa.

To, me ke cikinsa da har muke wannan dogon bayani? A gaban kowane kwas an rubuta darussan da za a zauna wa a jarrabawar JAMB. Huɗu ne, Turanci dole, sauran ukun kwas ne ke yanke su. Mai son likitanci ko aikin jinya zai rubuta Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Mai son injiniyanci zai rubuta Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Idan yaro ya zaɓi injiniyanci ya rubuta Bayoloji a gurbin Lissafi, ko da ya ci maki 300 cikin 400 ba za a ɗauke shi a wannan kwas ba, kuma sau da yawa babu mai gaya masa dalili. Sai ya zauna yana jira, shekara ta wuce, mutanen gida su ce ai ba shi da uwa a gindin murhu. Ba na musun cewa akwai son kai a ƙasar nan, amma ina da yaƙinin cewa wani kaso na abin da muke kira rashin hanya, kuskuren cika fom ne.

An kuma rubuta kiredit ɗin da ake nema a takardar gama sakandare, ta WAEC ce ko NECO ko NABTEB ko NBAIS ta makarantun Larabci. Galibi kiredit biyar ne, har da Turanci, da Lissafi a mafi yawan fannoni. Sai kuma wani gefe na jadawalin da aka fi tsallakewa, inda kowace makaranta ke faɗin nata sharaɗin na daban: wannan tana karɓar sakamakon zama biyu, waccan sai zama ɗaya, wannan tana karɓar darasin Noma a madadin Bayoloji, waccan ba ta karɓa. Karatun lauya, alal misali, a jami'o'i da dama sai da Adabin Turanci, alhali akwai makarantun karkara da babu malamin darasin ma.

Nan ne maganar ta fi damuna. Idan kiredit ɗin da ake nema a aji shida ake cin sa, to darasin tun a aji huɗu ake ɗaukarsa, ranar da aka raba yara aka ce waɗannan 'yan kimiyya ne, waɗannan 'yan fasaha, waɗannan 'yan kasuwanci. Tun ran gini, tun ran zane. Yarinyar da ke burin zama ungozoma amma aka tura ta ajin da ba a yin Kemistiri, an rufe mata ƙofa tun tana 'yar shekara 15, ita ba ta sani ba, iyayenta ba su sani ba, sai bayan shekara uku a gaban kwamfuta za a gaya mata. Saboda haka lokacin karanta littafin nan shi ne ƙarshen aji uku, kafin a raba azuzuwa. Wanda ya fara buɗe shi a makon rajista ya makara da shekara uku.

Sai dai kundin JAMB, duk da faɗinsa, akwai abin da ba ya faɗa, kuma shi ne abin da uba a Tozai ya fi son ji. Na farko, makin da a zahiri ake ɗaukar mutum da shi. A 2025 an sanar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, 140 na kwalejojin jinya, 100 na kwalejojin fasaha da na ilimi. Yaro ya ci 170, gida ya ɗauki murna, ana cewa ya haye. Amma 150 ɗin nan bakin ƙofa ne kawai. Kowace jami'a tana da nata makin, kowane sashe yana da nasa, likitanci kuwa majalisar likitoci ta ƙasa ce ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace jami'a za ta ɗauka, don haka gurabe kaɗan ne, masu nema dubbai. A shekarar ta 2025, cikin kusan mutum miliyan biyu da suka zauna jarrabawar, fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 ba. Wanda ya san haka zai duba ƙarfinsa tsakani da Allah kafin ya zaɓa.

Akwai kuma tsarin rabon gurabe a jami'o'in tarayya, wanda ya kamata kowane ɗan jihar nan ya haddace: kashi 45 cikin ɗari na cancanta ne zalla, kashi 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Sakkwato tana cikin rukuni na uku, kuma a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana cikin na biyu. Ma'ana, ɗan Isa da ya sa wannan jami'a a zaɓinsa na farko yana da ƙofa uku da zai iya shiga ta cikinsu. Kuma a lura da kalmar zaɓin farko, domin mafi yawan jami'o'i ba sa ko duban wanda ya sa su a na biyu.

Sannan mu daina yi kamar jami'a ce kaɗai makaranta. Ku lissafa abin da ke kewaye da mu. Ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da aka kafa a 1975, ga Jami'ar Jihar Sakkwato da ta fara karatu a 2013. Ga Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya a Gidan Madi, ga Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. Wurno na da kwalejin noma da kiwo, Gwadabawa na da kwalejin kiwon lafiya ta Sarkin Musulmi Abdurrahman. Wanda ya bi ta Shinkafi kuwa zai tarar da Kwalejin Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda, gaba kaɗan ga Jami'ar Tarayya ta Gusau, ga kuma kwalejin ilimi ta tarayya ta mata zalla a nan Gusau ɗin, wadda iyaye da yawa da ke ɗari-ɗari da tura 'ya mace makarantar haɗaka ba su ma san da ita ba. Wasu daga cikin waɗannan ta JAMB ake shigarsu, wasu suna da nasu fom ɗin, kuma wannan ma bayani ne da ya kamata a rubuta a fili.

Yaron da ya yi NCE shekara uku, ko difloma shekara biyu, zai iya shiga jami'a kai-tsaye daga aji biyu. Haka ma wanda ya yi IJMB, shirin da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke gudanarwa. Wanda ya nace wa likitanci shekara uku a jere bai samu ba, abokinsa da ya shiga kwalejin ilimi ya riga ya karɓi takarda. Kuma mu dubi ƙasarmu da abin da take nema. Ƙasar shanu ce da jar akuya, ƙasar fadama da albasa. Jami'ar Ɗanfodiyo tana da tsangayar likitancin dabbobi da ta aikin gona, amma sau nawa aka ji yaronmu ya ce shi likitan dabbobi yake son zama? Asibitocinmu na karkara suna neman ungozoma da ma'aikacin lafiya ɗan gari, wanda ba zai nemi canjin wurin aiki ba da zarar an ji ƙarar bindiga, domin nan ne gidan ubansa. Azuzuwanmu suna neman malamin Lissafi da na Turanci. Ba na cewa kada ɗan Tozai ya yi burin zama likita ko lauya, Allah ya ba mu su da yawa. Cewa nake ya ga dukkan ƙofofin kafin ya tsaya a bakin ɗaya.

Wani abin da ke halaka dukiyar iyaye shi ne makarantar da ba a tantance ba. Jami'o'i hukumar NUC ce ke tantance kwasa-kwasansu, kwalejojin fasaha NBTE, kwalejojin ilimi NCCE. Mu kuma mutanen bakin iyaka muna da ƙarin dalilin kula, domin Maraɗi tana kusa da mu, akwai zumunci, akwai auratayya. A can akwai jami'ar gwamnati ta Ɗan Dikko Ɗankulodo mai koyarwa da Faransanci, akwai kuma masu zaman kansu da ke koyarwa da Turanci. Karatu a waje ba laifi ba ne, amma takardar da aka samo a waje sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance ta kafin a tafi hidimar ƙasa. A watan Janairu na 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirorin ƙasashen Benin da Togo, bayan ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya nuna yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida. Waɗanda suka yi karatu da gaske a can ma abin ya shafe su. Saboda haka kafin a biya ko sisi, a bincika matsayin makarantar a ma'aikata, kada a tsaya ga bakin dillali.

Jerin nan da ke yawo a WhatsApp kuma, na wace jami'a ce ta ɗaya wace ce ta goma, kada ya ruɗe mu. A Amurka, inda mujallar U.S. News ta fara irin wannan jeri a 1983, a 2022 Jami'ar Columbia ta amsa cewa ta miƙa alƙaluman da ba daidai ba, aka sauko da ita daga ta 2 zuwa ta 18. Ko da jerin gaskiya ne, bai faɗi kuɗin ɗakin kwana ba, bai faɗi ko akwai ruwa a ɗakunan mata ba.

Abin da ke ƙarfafa mini gwiwa shi ne, wannan ɗabi'a ta bincike kafin tafiya karatu ba baƙuwa ba ce a ƙasar Gobir. Shehu Usmanu ya tashi takanas har Agadas don ya zauna gaban Malam Jibrilu ɗan Umaru. Ƙanensa Malam Abdullahi ya rubuta Ida'un Nusukhi, inda ya jero malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya ɗauka a hannun kowane. Har yau uban da zai tura ɗansa karatun allo ya san gabas ake zuwa don hadda, mai neman nahawu kuma Zariya ake nuna masa, kuma ba ya miƙa yaro sai ya tambayi halin malamin, da wanda ya yi karatu a hannunsa, da yadda almajiransa ke ci da sha. Iyayenmu sun iya wannan bincike sarai. Abin da ya hana su yin sa a karatun boko shi ne an rubuta bayanin da harshen da ba su ji, an ajiye shi a inda ba su kaiwa.

Don haka ga shawarata. A samar da ɗan ƙaramin littafi na yankinmu, da Hausa, a kan takarda, wanda bai wuce shafi ashirin ko talatin ba, a yi wasu kwafin da ajami saboda dattawa. Ba sai ya ɗauko makarantun Najeriya duka ba. Ya ɗauki waɗanda yaranmu suka fi zuwa, a Sakkwato da Zamfara da Kabi da Katsina da Kano da Zariya. A gaban kowace a rubuta kwasa-kwasai da darussan JAMB da kiredit, kamar yadda suke a kundin hukuma, sannan a ƙara abin da kundin bai faɗa ba: makin da aka ɗauki ɗalibai da shi bara, kuɗin rajista, kuɗin ɗaki a ciki da waje, kuɗin mota daga Isa da Sabon Birni, da ko akwai masaukin mata. A bayyana bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, a kuma faɗa a sarari cewa ɗaliban makarantun gwamnati ake bai wa, kuma bashi ne da za a biya. A rubuta shekara a bango da manyan lambobi, domin sharuɗɗa da kuɗaɗe suna canjawa, tsohon bayani kuwa yana iya cutarwa fiye da rashinsa.

Masu haɗa shi suna nan. 'Ya'yanmu da ke cikin waɗannan makarantu yanzu, su suka san farashin ɗaki da makin da suka shiga da shi, kuma suna da ƙungiyoyin ɗalibai 'yan asalin Isa da Sabon Birni. Su tattara, malaman sakandare biyu ko uku su zauna su gwada kowane layi da kundin JAMB na shekarar, ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ya sa hannu. Kuɗin bugawa kuma, ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da 'yan majalisunmu da masu hali da ke saya wa yara fom kyauta duk shekara. Allah ya saka musu da alheri. Amma fom ɗin da aka cika da darussan da ba su dace ba, kuɗi ne aka zubar. Kuɗin fom kaɗan daga cikin waɗanda ake rabawa ya isa a buga littafin da zai gyara sauran duka.

Wajen rabawa kuma a tuna da cewa yaranmu da yawa ba sa garuruwansu yanzu. Wasu suna gudun hijira a cikin garin Isa da Sabon Birni, wasu a Sakkwato, wasu sun tsallaka jihar Maraɗi. A kai kwafi makarantu da masallatan Juma'a da fadar hakimai da wuraren da 'yan gudun hijira ke zaune. A karanta shi a rediyo babi-babi, a naɗi muryar a tura waya zuwa waya, domin uwar da ba ta karatu ita ma ta ji, ita ce sau da yawa ke sayar da tunkiyarta a biya kuɗin.

Kafin littafin ya samu, ga abin da mai shirin rajista bana zai iya yi. Ya sami malaminsa ko wani yayansa da ke babbar makaranta, su buɗe kundin JAMB tare, ya rubuta makaranta da kwas da darussa huɗu a takarda tun daga gida, ya miƙa wa ma'aikacin cibiya, ya kuma karanta abin da aka buga kafin ya tashi daga kujera. Ya yi rajista da layin wayarsa na kansa, ya adana shi, domin ta nan saƙonnin hukuma za su riƙa zuwa. Idan sakamako ya fito makin bai kai ba, akwai damar canja kwas ko makaranta a cibiya. Idan kuma an ba shi gurbi, tun 2017 sai ya shiga shafin CAPS na hukumar JAMB da kansa ya amsa cewa ya karɓa, cikin wa'adin da aka ɗiba, in ba haka ba gurbin na iya kuɓuce masa.